Masuntan Ƙaguwa a Tekun Ƙanƙara, da Abin da Za Mu Koya Daga Gare Su

Duk wanda ya bi ta gadar Kogin Kaduna da sassafe, ko daga Kakuri ya fito ko Makera ko Barnawa, in ya leƙa ƙasa ba zai rasa ganin kwalekwale ɗaya ko biyu ba, wani yana jefa birgi, wani kuwa ya lafto yashi har bakin jirgin ya kusa shan ruwa. Mun saba da ganinsu har mun daina kula. Da rani kogin yakan janye, duwatsu su bayyana, yara su riƙa bin gaɓa suna ɗaga ƙananan duwatsu suna kama 'yan ƙaguwa don wasa. Da damina kuwa, wajen Agusta da Satumba, sai ya cika ya batse, ya yi ja wur, mai kallo daga bisa gada ma gabansa ya faɗi, balle wanda ke cikin jirgi.

Ran nan muna darasin labarin ƙasa da ɗaliban kwalejin horon malamai, sai muka tambaye su wace sana'a ce suke tsammani ta fi kowace hatsari. Wani ya ce aikin soja, wani ya ce haƙar ma'adini, wani ya ce tuƙin babbar mota. Ba wanda ya ambaci su. Da muka gaya musu akwai wata ƙasa inda maza majiya ƙarfi ke rasa rayukansu wajen kamun ƙaguwa, sai aji ya tuntsure da dariya, gama su ƙaguwar da suka sani ita ce 'yar mitsitsiyar nan ta bakin rafi. Wannan dariya ita ta sa muka ga ya kamata mu rubuta labarin, domin malaman makaranta da akawuna su karanta. Ko da yake tsakaninmu da teku ya fi mil 500 ta hanyar jirgin ƙasa zuwa Ikko, in kun bi mu a hankali za ku ga labarin ya komo har bakin kogunanmu.

INDA TEKUN YAKE

Malami ya ɗauko taswirar duniya, ya duba can ƙuryar arewa inda ƙasar Rasha da ta Amurka suka kusa haɗa goshi. Ruwan da ke tsakaninsu shi ake kira Tekun Bering, da sunan wani matuƙi mutumin Danmak, Vitus Bering, wanda ya yi wa Sarkin Rasha aiki, ya ratsa wurin a 1728. Ƙasar da ke gabas da tekun ita ce Alaska. A da ta Rasha ce, Amurka ta saye ta a 1867 a kan dala miliyan 7 da dubu 200, ta kuma zama cikakkiyar jiha a 1959. Daga kudancinta wasu tsibirai sun miƙe a jere kamar tasbaha, a cikinsu akwai tashar jiragen ruwa da ake kira Dutch Harbor, wadda ita ce cibiyar wannan sana'a.

Sanyin wurin ba irin wanda muka sani ba ne. Hunturun Jos da muke kuka da shi, a can sai a ce bazara ce. Ruwan teku, saboda gishirinsa, ba ya daskarewa sai ya kai kamar awo 2 ƙasa da sifiri, kuma da tsakiyar hunturu ruwan wannan teku yana dab da haka. Hasken rana a watan Janairu kamar sa'a 7 ne kawai, sauran duk duhu. Iska kuwa takan tayar da raƙuman ruwa masu tsawon ƙafa 20 ko 30, watau sun fi soron bene. Abin mamaki, a daidai wannan lokaci ne ake fita kamun ƙaguwa, domin sa'an nan ne take cike da nama, kuma ba lokacin saɓarta ko hayayyafarta ba ne.

ƘAGUWAR DA KAYAN KAMA TA

Iri biyu ne suka fi suna. Ta fari ita ce wadda Turawa ke yi wa kirari da sarkin ƙaguwa. Babba daga cikinsu in ta miƙe ƙafafu takan kai ƙafa 6 daga wannan gefe zuwa wancan, tsawon namiji sosai ke nan. Galibin waɗanda ake kamawa nauyinsu laba 6 ne zuwa 10, laba ɗaya kuwa ta ɗan gaza rabin kilo. Ana buɗe kamunta ran 15 ga Oktoba. Ta biyu ita ce ƙaguwar ƙanƙara, ba ta kai waccan girma ba amma ta fi ta yawa, ita kuma an fi fita nemanta daga Janairu. Naman ƙafafunsu ake so, ana sayar da shi da tsada ƙwarai a Amurka da Japan.

Da gura ake kama su, kamar yadda masuntanmu ke kafa gura a bakin kogi, sai dai tasu ta ƙarfe ce mai raga. Kowace gura faɗinta ƙafa 7, tsawonta ƙafa 7, tsayinta kamar ƙafa 3, nauyinta kuwa laba 600 zuwa 800 tun ba kome a ciki. In muka ɗauki laba 700, ya fi buhu uku na masara. Babban jirgi yakan ɗauki gura 150 ko 200, a jibga su bisa juna hawa huɗu ko biyar, a ɗaure da sarƙa. Ga lissafi nan malami ya ba 'yan aji: gura 200 sau laba 700 ya tashi laba 140,000, watau sama da tan 60 na ƙarfe, duk a bisa jirgi, ba a cikin cikinsa ba. Ku riƙe wannan lissafi, za mu komo kansa.

In an isa wurin su, sai mutum ɗaya ya rarrafa cikin gura ya rataya abincin tarko, watau niƙaƙƙen kifi da kuma wani ɗanyen kifi guda. A rufe, ƙugiya ta ɗaga ta, inji ya tunkuɗa ta cikin ruwa, ta nutse ƙafa 200 ko 300 ko fiye, tana jan doguwar igiya wadda aka ɗaura wa goran roba don alama. Haka za a bi ana zubawa a jere har mil da yawa. Bayan kwana ɗaya ko biyu a komo, a jefa ƙugiyar hannu a kamo igiyar, inji ya jawo gurar, a zazzage a kan teburi. Doka ta hana ɗaukar mata da ƙanana, sai maza waɗanda faɗin ƙoƙon bayansu ya kai awo, ga sarkin ƙaguwa inci 6 da rabi. Sauran a mayar da su ruwa. Waɗanda aka zaɓa kuwa a zuba su cikin tankin ruwan teku, domin tilas a kai su tasha da rai. Matacciya ba a saye, kuma in ta ruɓe a tanki takan kashe na kusa da ita.

KWANA DA TASHIN 'YAN JIRGI

Jirgi mai tsawon ƙafa 100 zuwa 130 mutum biyar ne zuwa bakwai a cikinsa. Akwai kyaftin, wanda ke zaune a ɗakin tuƙi, shi ke zaɓen inda za a zuba gura, maganarsa kuwa ita ce doka. Akwai mai kula da inji, akwai shugaban masu aikin fili, akwai mai sarrafa ƙugiya, sa'an nan ga sabon shiga, wanda aikin da kowa ke ƙi shi ake bar wa: niƙa kifi, shiga gura, wanke-wanke. Ba a ɗaukar kuku na musamman a yawancin jiragen, ɗaya daga cikinsu ne ke haɗawa da girki.

Sa'ad da masaƙun Kakuri ke kan ganiyarsu, tun daga ta fari da aka buɗe a 1957, ma'aikaci yakan yi sa'o'insa, in jiniya ta yi kuka ya miƙa wa wani ya tafi gida. A jirgin ƙaguwa ba mai karɓar wani. Sa'a 18 ko 20 a tsaye shi ne aikin yau da kullum, in ƙaguwa na shigowa kuwa a zarce kwana da yini. Barci sa'a uku ko huɗu ne, a wani ɗan gado mai kama da akwati, wanda aka yi wa katanga don kada mutum ya mirgino. Ana cin abinci da yawa, da gaggawa, hannu ɗaya riƙe da kwano. Yatsu su kumbura, fata ta tsattsage saboda gishiri da sanyi, da safe mutum ya kasa dunƙule hannu sai ya sa a ruwan ɗumi. In wani ya karye ko ya yanke, asibiti yana iya zama tafiyar kwana ɗaya ko biyu, sai fa in jirgi mai saukar ungulu ya sami halin zuwa.

Zama irin wannan yakan haɗa mutane ya kuma raba su. Ba wurin da mutum zai keɓe in ransa ya ɓaci, kuma ran kowa yana hannun ɗan'uwansa. In mai ƙugiya ya yi gyangyaɗi, gura ta matse wanda ke ƙasa. In mai jefa igiya ya yi sakaci, ta naɗe ƙafar na kusa da shi. Saboda haka ba a raga wa rago, ana yi wa sabon shiga tsawa da zolaya har a ga iyakar haƙurinsa, amma ran da ya nuna ya iya, ya zama ɗan gida ke nan. Wanda ya san zaman masunta a Baga ko Yawuri, inda yaro ke bin ubangidansa shekaru kafin a sakar masa jirgi, ba zai yi mamakin wannan ba.

YADDA AKE RABON KUƊI

Mai karatu zai ce, to me ya kai mutum? Kuɗi ne. 'Yan jirgi ba su da albashin wata, kaso suke samu daga abin da aka kama. Bari mu ƙaddara, don misali kawai, jirgi ya sayar da ƙaguwa ta dala 100,000. A cire kuɗin mai da abincin tarko da na baki da haraji, a ce dala 30,000, saura 70,000. Wanda aka yi jinga da shi a kan kashi 6 cikin 100 ya tashi da dala 4,200, sabon shiga mai kashi 3 ya sami 2,100, mai jirgi da kyaftin su ɗauki babban rabo. In an dace, mutum ya sami abin shekara cikin 'yan makonni. In ba a dace ba ya komo hannu rabbana, wani lokaci ma da bashin abinci a kansa.

Wannan tsari shi ne ke sa kowa ya ƙi hutu. Ba kyaftin kaɗai ke son a ƙara gura ba, har 'yan jirgin ma, gama kowace gura ƙarin kaso ce. A shekarar 1980, lokacin da sana'ar ta kai ƙololuwa, an kama sarkin ƙaguwa kusan laba miliyan 130 a yankin Bristol Bay kaɗai, samari suka yi ta kwarara daga ko'ina cikin Amurka. Ba a jima ba ƙaguwar ta ja baya ƙwarai, har a 1983 aka rufe kamunta a yankin. Jirage sun yi yawa, ƙaguwa ta yi kaɗan, sai abin ya koma rige-rige: hukuma ta buɗe, kowa ya auka, da an kai adadin da aka ƙayyade a rufe. Ya kai ga lokacin kamun sarkin ƙaguwa duka bai wuce kwana 3 zuwa 5 ba. Wanda abincin iyalinsa na shekara ya rataya a kan kwana huɗu, hadari ba ya tsayar da shi, barci ma sai ya ga dama.

ABIN DA KE KASHE SU

Babban makashi shi ne kifewar jirgi. Ku tuna da tan 60 ɗin nan na ƙarfe. Kowane mai kwalekwale ya san in kaya suka taru a sama, jirgi yakan yi layi, in fasinjoji suka miƙe tsaye gaba ɗaya ya fi saurin juyewa. To a can akwai wani ƙarin kaya wanda ba wanda ya lafta shi. In iska mai tsananin sanyi ta kwaso feshin ruwa ta watsa wa jirgi, nan take yake daskarewa a jikin ƙarfe. Ragar gura kuwa kamar an yi ta ne don ta tara ƙanƙara. Cikin dare ɗaya nauyin tan da yawa ya hau bisa jirgi, sau da yawa a gefe ɗaya, wanda iska ke bugu. Tilas 'yan jirgi su fita da guduma da kulki su yi ta fasa ƙanƙara, in kuwa ta fi ƙarfinsu jirgin ya karkata, wata taguwa ta zo ta ƙarasa shi cikin 'yan mintoci.

Na biyu shi ne faɗawa ruwa. Igiyar gura in tana fita gudu take yi kamar maciji, in ta zarge ƙafar mutum sai ya bi gurar har ƙasan teku. Wani kuwa taguwa ce ke share shi, wani santsi ya kwashe shi daga kan tulin gura. Masana sun bayyana abin da ruwan sanyi ke yi wa jiki. A minti na fari numfashi yakan sarƙe, mutum ya shaƙi ruwa ba da son ransa ba. Cikin kamar minti 10 hannuwa da ƙafafu su mutu, ko an jefa masa igiya ba zai iya riƙewa ba. Saboda haka gwanin iyo da wanda bai iya ba kusan ɗaya suke, abin da ke raba su shi ne rigar da ke hana nutsewa.

Ran 14 ga Fabrairu, 1983, jirage biyu 'yan gida ɗaya, Americus da Altair, suka tashi daga Dutch Harbor cike da gura. Dukansu suka halaka a rana ɗaya, mutum 14, ba wanda ya tsira, kuma daga gari ɗaya jiragen suka fito, Anacortes ta jihar Washington. Hukumar da ke binciken lafiyar ma'aikata a Amurka ta ƙidaya mutum 73 da suka mutu a wannan sana'a a Tekun Bering daga 1990 zuwa 1999, alhali masu yin ta duka 'yan dubbai ne ƙalilan. Ran 15 ga Janairu, 2005, ranar buɗe kamun ƙaguwar ƙanƙara, jirgin Big Valley ya kife yamma da tsibirin St. Paul, mutum biyar cikin shida suka rasu, bincike kuma ya nuna ya ɗauki gura fiye da abin da takardarsa ta yarda.

MAGANIN DA AKA YI

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne mutanen ba su tsaya ga cewa haka sana'ar ta gada ba. Mataki uku aka ɗauka. Na fari, a 1988 aka kafa doka wadda ta tilasta wa jiragen su ɗaukar rigunan ɗumi masu hana nutsewa, da kwalekwalen roba na ceto, da na'urar da ke aika alamar neman agaji da kanta in jirgi ya nutse. Cikin waɗanda suka tsaya kai da fata har aka yi dokar akwai wata uwa, Peggy Barry, wadda ɗanta ya rasu a wani jirgin su a Alaska a 1985.

Na biyu, a Oktoban 1999 dakarun tsaron gaɓar teku suka fara wani abu mai sauƙi. Kafin jirage su tashi, sai jami'i ya hau kowane jirgi a tasha, ya karɓi takardar da injiniya ya rubuta yawan gurar da jirgin ke iya ɗauka, ya ƙirga gurar da ke bisa, in ta zarce ya ce a sauke kafin a tafi. Ba wata na'ura mai tsada, ido ne da alƙalami da ikon cewa a'a. Daga nan mace-mace suka ragu ƙwarai.

Na uku, a 2005 aka kashe rige-rige. Aka yanka wa kowane mai jirgi rabonsa tun kafin a fita, aka tsawaita lokacin kamu zuwa watanni, saboda haka in hadari ya taso kyaftin yana iya jira a tasha ba tare da wani ya kwashe nasa ba. Amma fa gyaran ya zo da nasa ciwo. Jiragen kamun sarkin ƙaguwa a Bristol Bay suka ragu daga sama da 250 zuwa ƙasa da 90 cikin shekara ɗaya, ɗaruruwan 'yan jirgi suka rasa aiki, kuma masu rabo suka koma ba da hayarsa, kuɗin hayar yana cin kaso mai yawa kafin a zo kan ma'aikaci.

KUSKUREN ALƘALAMI

Wannan sashe na akawuna ne musamman. Ran 11 ga Fabrairu, 2017, jirgin Destination ya nutse kusa da tsibirin St. George da mutum shida, ko kiran agaji ba su samu sun yi ba. Yana ɗauke da gura 200 cikin feshi mai daskarewa, kuma masu bincike suka gano gurar ta fi nauyin da aka yi lissafi da shi a takardar jirgin. Daren 31 ga Disamba, 2019, jirgin Scandies Rose mai tsawon ƙafa 130 ya kife kusa da tsibirin Sutwik da gura 195. Mutum biyu aka tsamo daga kwalekwalen ceto, biyar suka tafi, har da kyaftin da ɗansa. Kyaftin ɗin bai ƙetare abin da takardarsa ta ce ba. Takardar ce ke da kuskure, ta nuna jirgin ya fi ƙarfin da yake da shi, ƙanƙara kuma ta taru a gefe ɗaya. Wanda ya rubuta lissafin yana zaune a ofis, ƙafarsa ko jiƙewa ba ta yi ba. Akawun da ke ganin cika rajista ƙaramin aiki ne ya yi tunani a kan wannan.

Wani abu kuma ya auku wanda ba a zata ba. Daga 2018 zuwa 2021 ƙaguwar ƙanƙara kimanin biliyan 10 ta ɓace daga gabashin Tekun Bering, har a Oktoban 2022 aka soke kamunta, karo na fari a tarihi. Masana na hukumar kula da teku ta Amurka suka bayyana a 2023 cewa ɗumin da ruwan ya yi a 2018 da 2019 ya ƙara wa ƙaguwar bukatar abinci, ga ta da yawa a wuri kaɗan, sai yunwa ta kashe ta. An sake buɗe kamun a 2024 da ɗan adadi kaɗan. Mutanen bakin Tafkin Chadi, waɗanda suka ga ruwa ya janye ya bar jiragensu a kan tudu bayan farin 1973 da na 1984, sun san irin wannan rana.

MU KOMO GIDA

Kogin nan da ke ƙarƙashin gadarmu daga tsaunukan Jos ya taso, ya ratsa Kaduna, ya bi ta madatsar Shiroro, ya zuba cikin Kwara daura da Pategi. A yankin Pategi ɗin ne, cikin Yunin 2023, jirgi ya kife da dare da mutanen da ke komowa daga biki, fiye da 100 suka rasu. Ran 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi mai ɗauke da fiye da mutum 150 ya nutse a kusa da Warra ta ƙasar Kabi, kaɗan aka ceto da rai. Ran 30 ga Nuwamba na wannan shekara jirgi ya kife a madatsar Watari ta Bagwai a jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, galibinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. Jirgi ɗaya na Pategi ya ci rayuka fiye da waɗanda Tekun Bering ya ci daga masuntan ƙaguwa daga 1990 zuwa 1999. Mu ba mu da ƙanƙara, ba mu da taguwa mai ƙafa 30, amma in an duba dalilan da ake ambata bayan kowane hatsari, kusan su ne dai na can: lodi fiye da kima, tafiyar dare, tsohon jirgi, gaggawar neman ƙarin kuɗi, da rashin rigar da ke hana nutsewa.

Doka kuwa akwai ta. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wadda aka kafa a 1997 mai hedkwata a Lokoja, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sa rigar ruwa. Sarautar Sarkin Ruwa ma tana nan a garuruwan bakin kogi tun kaka da kakanni, kamar yadda kowa ke gani a bikin su na Argungu. Abin da ya rage shi ne mutumin nan mai tsayawa a mashigi ya ƙirga. Akawun da ke yanka takardar haraji a bakin ruwa ran kasuwa yana iya riƙe littafi na biyu: sunan jirgi, mutum nawa yake ɗauka, mutum nawa suka hau yau, ƙarfe nawa ya tashi. In an rubuta adadin da fenti a jikin jirgi, ko yaro ɗan aji uku zai iya ƙirgawa. Sai dai a tabbata adadin gaskiya ne, wanda aka auna tare da Sarkin Ruwa da tsofaffin matuƙa, kada a maimaita kuskuren takardar Scandies Rose. A kuma tuna mai jirgi ba mugunta ke sa shi ƙara fasinja ba, kuɗin mai ne da bakin iyali, saboda haka in za a rage masa lodi a duba kuɗin haye da harajin da ake karɓa daga hannunsa.

Malaman makaranta kuwa ga darasi nan a hannunsu wanda ba ya bukatar kuɗi. A samo kwano da ƙwarya da 'yan duwatsu. A ɗora ƙwaryar bisa ruwa, a zuba duwatsun a gindinta, yara su ga ta zauna daram. Sa'an nan a gicciya kara a bakinta a ɗora duwatsun a sama, su ga yadda take kifewa da an taɓa ta. A koya musu kada su miƙe tsaye cikin kwalekwale, kada su ruga gefe ɗaya, in jirgi ya kife su riƙe jikinsa, kuma ba abin kunya ba ne mutum ya sauka ya jira sawu na biyu. Ɗalibanmu masu son aikin ruwa su sani akwai kwalejojin koyon kiwon kifi da su na tarayya a New Bussa da Baga, akwai kuma makarantar horon ma'aikatan jiragen teku a Oron, ba sai 'yan bakin teku kaɗai ke shiga ba.

Mun san ajali in ya zo ba makawa, amma an umurce mu da ɗaure raƙumi kafin mu dogara. Masuntan Alaska sun rasa mutum 73 cikin shekara goma kafin su fara ƙirga gura a tasha. Damina mai zuwa kogunanmu za su sake cika, kasuwanni za su ci, za a yi bukukuwa a ƙetaren ruwa. Muna roƙon kowane malami ya yi darasin ƙwaryar nan kafin ruwa ya sauka, kowane akawu na bakin kogi kuma ya kai maganar littafi na biyu gaban hakiminsa da shugaban ƙaramar hukumarsa. Allah ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, nan da can, ya kiyaye na baya.